Tarihin Kyamarar Fim A Kano Da Yadda Ake Zaɓen Mai Sauƙin Kuɗi

Gabatarwa

 Hausawa na cewa gani ya kori ji. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin kwatanta wa ɗansa haifaffen Legas ko Abuja ko Jidda yadda ganuwa take a da tsakanin Ƙofar Mata da Ƙofar Mazugal, ya san gaskiyar wannan magana. Sai ka yi ta kwatance da hannu, yaro yana gyaɗa kai don ladabi, alhali bai ga kome ba. Da akwai hoto ko guda ɗaya, da magana ta ƙare.

A 'yan shekarun nan matasa a ƙasashe da dama sun koma sha'awar tsohuwar kyamara mai aiki da fim, irin wadda mutum ke saita kome nata da hannunsa. Wasu daga cikin 'ya'yanmu mazauna birane sun shiga wannan sahu, kuma tambayar da suka fi yi ita ce: wacce za a saya wadda ba za ta cinye aljihu ba? Amsar tana cikin tarihin sana'ar hoto kanta. Saboda haka za mu fara da bin sawun kyamara tun daga isowarta ƙasar nan, sa'an nan mu fitar da darasin da zai taimaki mai saye.

Kafin Kyamara Ta Iso Kano

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a birnin Faris na ƙasar Faransa. To amma kayan aikin na lokacin masu nauyi ne da wuyar sha'ani, ba su jure doguwar tafiya a kan raƙumi. Shi ya sa lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a farkon 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, alƙalami da takarda ya riƙo. Ya hau Dala ya zana birnin da hannu, da soraye da itatuwan dabino da filayen da ke cikin ganuwa. Wannan zane yana cikin mafi daɗewar kamannin Kano da ake da su.

Wanda ya sauko da hoto daga hannun ƙwararru zuwa hannun talaka shi ne George Eastman na ƙasar Amurka. A 1888 ya fito da kyamarar Kodak a kan dala 25, da fim na hoto 100 a cikinta. In fim ya ƙare sai a mayar da kyamarar kamfani, a wanke hotunan, a zuba sabon fim a dawo wa mai ita. A 1900 kuma ya fito da Brownie, ɗan akwatin kwali da ake sayarwa dala 1. Mai karatu ya riƙe sunan wannan akwati, domin zai sake haɗuwa da shi a gaba.

A Nijeriya, mutanen bakin teku ne suka riga kowa. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny wanda ya rasu a 1905, yana cikin 'yan ƙasa na farko da suka riƙi hoto sana'a. A Legas kuma akwai George Da Costa, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa ba shi aikin ɗaukar hotuna, har da na shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa.

Kano A Idon Baƙi

Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin da Sarki Alu yake Sakkwato. Daga nan kyamara ta zama baƙuwar da ba ta ɗaukewa. Hafsoshi da joji-joji da 'yan mishan da 'yan kasuwa, kowa na zuwa da tasa. Hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911. A 1925, zamanin Sarki Usman na biyu, Yariman Ingila ya zo aka yi masa gagarumin hawa, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a Kano daga Masar. A 1956 Sarauniya Elizabeth ta ziyarci Sarki Muhammadu Sanusi. Duk waɗannan an ɗauke su a hoto. E. H. Duckworth, editan mujallar Nigeria, ya tara dubban hotunan ƙasar nan, waɗanda aka adana a Jami'ar Northwestern ta Amurka. Haka nan Eliot Elisofon na mujallar Life ya zo Kano a 1959, kuma hotunansa suna gidan tarihin Smithsonian a birnin Washington.

Ba mu raina aikin waɗannan mutane ba, domin ba don su ba da abin da za mu gani na wancan zamani bai taka kara ya karya ba. Wanda ya shiga Gidan Makama ya ga tsofaffin hotunan da ke rataye a can zai shaida haka. Sai dai baƙo abin da ya ba shi mamaki yake ɗauka: hawan sarki, marinar Ƙofar Mata, rumfunan Kurmi, ayarin raƙuma, dalar gyaɗa. Zauren malam da asuba, da dandalin yara, da maroƙi a ƙofar gidan suna, da tsohuwa mai ƙosai a bakin lungu, ba safai idonsa ke tsayawa a kansu ba. Ko ya ɗauki mutum ma, da wuya ya rubuta sunansa. Sai ka ga dattijo mai kwarjini, wataƙila kakan wani ne a cikinmu, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa wani ɗan kasuwa ne Bahaushe, shi ke nan.

Zamanin Masu Hoto Na Gari

Bayan kafuwar Sabon Gari jim kaɗan da isowar jirgin ƙasa, mutanen Kudu da na sauran ƙasashen Afirka ta Yamma suka zo da sana'o'insu, har da ta hoto. Da farko mutanen birni sun yi ɗari-ɗari da abin, malamai kuma suka yi saɓani a kan hukuncinsa. Amma bukata ta yi ta matsowa. Mai niyyar aikin Hajji yana bukatar hoton fasfo, ɗan makaranta yana bukata, mai neman aikin En'e ko na kamfani yana bukata. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ita ma ta sa ido ya saba da ganin shugabanni a takarda.

Dattawanmu suna tuna mai hoto na farko-farko, da akwatinsa a kan ƙafafu uku, yana cusa kansa cikin baƙin ƙyalle. Bayansa aka shiga zamanin kyamara mai ido biyu, sama da ƙasa, wadda ake rataye ta a wuya ana leƙawa ta sama. Uwar gidan wannan nau'i ita ce Rolleiflex ta Jamus, wadda ta fito a 1929, amma tsadarta ta sa galibin masu hoto suka rungumi Yashica ta Japan. Ranar Salla samari su yi ado su tsallaka Fagge ko Sabon Gari, a tsaya gaban labule mai zanen bene, wannan ya dafa rediyo, wancan ya riƙe keke, a ɗaga hannu don agogo ya fito. A makarantu kuwa, ƙarshen shekara mai hoto ya zo, a jera benci, malamai a zaune, ɗalibai a tsaye, ɗan autan aji a ƙasa riƙe da allo mai ɗauke da sunan aji da shekara.

Darasi Daga Maƙwabta

Mu ɗan leƙa wajen Kano, domin a can ne tarihi ya adana misalan da suka fi fitowa fili. Seydou Keïta na birnin Bamako a ƙasar Mali ya fara hoto ne da Brownie da kawunsa ya kawo masa tsaraba daga Senegal a 1935. A 1948 ya buɗe shagonsa, ya yi ta ɗaukar mutanen garinsu cikin adonsu. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne ya adana nagatif ɗinsa, wato uwar hoton da ake wanko shi daga jikinta. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin New York ba tare da an san mai su ba. Da aka bi sawu har Bamako, sai aka tarar da dubban nagatif a ajiye lafiya lau. Kafin rasuwarsa a 2001 sunansa ya zaga duniya.

Malick Sidibé, shi ma na Bamako, da Brownie ya fara a 1956, yana bin bukukuwan matasa a kan keke. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na birnin Venice a Italiya. A nan gida, J. D. 'Okhai Ojeikere ya sayi Brownie a Inugu a 1950 a kan fam 2. Daga 1968 ya duƙufa ga ɗaukar kitson matan Nijeriya, har ya tara hotuna kusan 1,000. A Yamai ta Jamhuriyar Nijar, Philippe Koudjina ya bar wa 'yan baya kamannin birnin na shekarun 1960 da 1970.

Darasin a bayyane yake. Uku daga cikin mashahuran masu hoton Afirka ta Yamma da ɗan akwati mai araha suka fara. Abin da ya ɗaukaka su shi ne sanin mutanen da suke ɗauka, da naci, da adana abin da suka ɗauka. Tsadar kyamara ba ta cikin lissafin.

Shekarun Yalwa Da Abin Da Ya Biyo Baya

Shekarun 1970 su ne kyamara ta shiga gidajen talakawa a Kano. Kuɗin man fetur ya shigo, an biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ɗebi malamai da yawa, alhazai kuma suna dawowa daga Makka da tsarabar rediyo da agogo da kyamara. A daidai lokacin ne kamfanonin Japan suka cika duniya da kyamarori masu ido ɗaya da ke aiki da ƙaramin fim mai faɗin milimita 35. Minolta SR-T 101 ta fito a 1966, Canon FTb a 1971, Olympus OM-1 a 1972, Pentax K1000 da Canon AE-1 a 1976, Nikon FM a 1977, Yashica FX-3 a 1979. Daga Tarayyar Sobiyet ga Zenit-E, wadda aka fara ƙerawa a 1965, daga Jamus ta Gabas kuma ga Praktica. A kwalejojin horon malamai na lokacinmu, da wuya a rasa ɗalibi ɗaya ko biyu da ke samun kuɗin sabulu da irin waɗannan, yana ɗaukar 'yan'uwansa a biya shi in alawus ya fito.

Daga baya hoto mai kala ya kori baƙi da fari, shagunan wanki na inji suka yawaita. Sai tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, fim da takardar hoto, da yake duk daga waje ake kawo su, suka yi tashin gwauron zabo. Can a Amurka kuwa, tun 1975 wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ya ƙera kyamarar da ba ta bukatar fim. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma ba a daɗe ba ta zo da kyamara a jikinta. Manyan kamfanoni suka riƙa faɗuwa: AgfaPhoto ta durƙushe a 2005, Konica Minolta ta bar harkar kyamara a 2006, aka daina fim ɗin Kodachrome a 2009, Kodak kanta ta nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012.

Asarar da ta fi ciwo a nan gida ta faru ne a ɓoye. Masu shagunan hoto da suka koma aiki da kwamfuta, da yawansu sun ɗauki tarin nagatif na shekara da shekaru a matsayin shara. A gidaje da makarantu, gara da yoyon damina da sauyin gida suka cinye albam-albam. A daidai wannan lokaci kuma garin kansa yana sauya kama. An ci ganuwa da gine-gine, an cike kududdufai, soraye sun koma bulo da kwano. A 2007 aka sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, amma a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya, kuma ƙofofi da dama da siminti aka sake gina su. Wanda ya bar Ƙofar Wambai shekara 30 da suka wuce, in ya dawo yau sai ya nemi ɗan jagora a cikin kasuwar robobi da gwanjo.

Me Ya Sa Ake Komawa Ga Fim?

Fim bai mutu ba. Ilford a Ingila da Foma a ƙasar Czech da Kodak a Amurka sun ci gaba da yin sa. Kodak ta dawo da Ektachrome a 2018, kuma a 2024 aka fito da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17. Ba wanda zai ce a jefar da waya, domin ta fi sauri, ta fi sauƙi, kuma hotonta ba ya cin kuɗi. Amma hoton waya yana tafiya da waya in an sace ta ko ta faɗa ruwa, sai fa wanda ya yi dabarar ajiye shi a wani wuri. Nagatif na baƙi da fari kuwa, in an wanke shi da kyau aka ajiye a busasshen wuri, yana haura shekara 100, kuma ba ya bukatar wuta ko lambar sirri kafin a duba shi. Daɗin daɗawa, wanda ya san hoto 36 kaɗai gare shi, kuma kowanne da kuɗinsa, zai tsaya ya yi tunani kafin ya danna. Wannan tarbiyya ce ga ido.

Ƙa'idoji Huɗu Na Zaɓe

Na farko, kafin ka je kasuwa ka fara da gida. Tambayi iyaye da kawunnai da gwaggonni. A cikin adakar tsohuwa ko tsohuwar jakar Makka, sau da yawa akwai kyamarar da aka manta da ita. Wadda aka gada ta fi kowacce araha, kuma wataƙila a same ta tare da nagatif da suka fi ta daraja.

Na biyu, ka zaɓi wadda ke aiki da sifirin da ƙarafa, wadda ko babu batir za ta ɗauki hoto. A irin wannan, batir ma'aunin haske kaɗai yake kunnawa. Canon AE-1 kyakkyawa ce, amma lantarki ke motsa ta, in batir ya ƙare ko wata waya ta tsinke a ciki, ta zama ado. Mai sifirin kuwa, mai gyaran da ya san aikinsa zai iya buɗe ta ya share ya sa mai.

Na uku, ka dubi irin batirin da ma'aunin haskenta ke ci. Pentax K1000 da Yashica FX-3 da Nikon FM da ƙanwarta FM2 suna amfani da ɗan batirin nan LR44 da ake samu wajen masu agogo. Minolta SR-T 101 da Olympus OM-1 da Canon FTb an yi su ne don batir mai sinadarin makuri, wanda aka daina yi saboda gubarsa. Suna ɗaukar hoto lafiya, ma'aunin ne kawai ke bukatar dabara, kuma masu amfani da su kan sa batirin na'urar taimaka wa ji mai lamba 675.

Na huɗu, lafiya ta fi suna. K1000 an yi ta daga 1976 har 1997, an sayar da fiye da miliyan 3, kuma makarantun koyon hoto sun daɗe suna fara ɗalibai da ita. Wannan shahara ce ta sa farashinta ya hau fiye da na takwarorinta. In ka same ta da rahusa, ka duba goshinta: waɗanda aka fara yi suna ɗauke da sunan Asahi kuma samansu ƙarfe ne, na ƙarshe-ƙarshe kuwa roba ne. Nikon FM2, wadda aka yi daga 1982 zuwa 2001, ƙarfe ce mai jure wahala, amma ta masu hali ce. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi Yashica FX-3, marar nauyi, wadda aibinta kawai fatar jikinta kan saɓule, ko Minolta SR-T, ko Praktica. Zenit-E ita ce ta fi araha, ga nauyi kusan kilo guda, ga ƙarancin matakan sauri, amma gilashinta Helios-44 yana fitar da fuska da kyau. Zenit da Praktica da Pentax Spotmatic duk gilashi mai zare iri ɗaya suke ɗauka, wanda ake kira M42, kuma yana da yawa da sauƙin kuɗi a kasuwar gwanjo ta duniya.

Game da gilashi, wato idon kyamara, guda ɗaya mai lamba 50 ya isa mai koyo, domin yana ganin abu kusan yadda idon mutum ke gani. Ita kuwa Yashica mai ido biyu ta iyayenmu, fim ɗinta babba ne mai lamba 120, hoto 12 kaɗai yake bayarwa, don haka kowane hoto ya fi tsada. A bar ta sai hannu ya faɗa.

Gwaji Kafin Biya

Ba a cinikin biri a sama. Ka buɗe bayan kyamara, ka ɗaga ta wajen haske, ka ja marikin fim ka danna. Ƙyauren da ke ciki, wato labulen da ke buɗewa ya rufe cikin ƙiftawar ido, ya kamata ya motsa a kowane mataki, daga mafi sauri zuwa mafi jinkiri. A matakin daƙiƙa 1 ka saurara: in ƙarar ta tafi sumul, lafiya, in tana sarƙewa, man ciki ya bushe. Ka shafa sosan da ke gefen murfin baya. In ya narke yana manne wa yatsa kamar kwalta, haske zai shiga ya ɓata fim, amma wannan gyara ne mai sauƙi, dalili ne na neman ragi. Ka buɗe ramin batir, in ka ga tsatsa kore ko fari, ma'auni na cikin haɗari.

Sa'an nan ka cire gilashi ka haska shi da tocila. 'Yar ƙura ba ta hana kome. Abin gudu shi ne fumfuna mai kama da saƙar gizo-gizo, da hazo a tsakanin gilasai. Ka juya zoben kafar haske ka ga 'yan ganyayyakin ƙarfen ciki suna buɗewa da rufewa da hanzari, babu maiƙo a jikinsu. Ka leƙa ta maleƙa, ka saita wani abu mai nisa kamar hasumiyar masallaci, ka tabbata ya fito tangaran. A nan akwai abin lura ga 'yan'uwa mazauna Kudu: kyamarar da ta daɗe a Legas ko Fatakwal, laima kan sa mata fumfuna, wadda ta daɗe a Kano kuwa ciwonta ƙura da bushewar mai, kuma wannan ya fi sauƙin magani. Daga ƙarshe, ka yi yarjejeniya da mai sayarwa cewa za ka gwada fim ɗaya, in ta ƙi ka dawo da ita. Mai saye ta intanet ya nemi a nuna masa tana aiki, kuma ya tabbatar da sharaɗin mayarwa.

Fim, Zafi Da Wanki

Kuɗin kyamara sau ɗaya ake biya, kuɗin fim da wanki kuwa kullum ne. Saboda haka kafin ka saya, ka tabbatar da inda za ka riƙa samun fim da inda za a wanke maka. In ka kashe duk abin da ke hannunka a kan kyamara, ka sayi doki babu ciyawa. Fim na baƙi da fari irin su Kentmere da Fomapan suna cikin masu sauƙi, kuma ana iya wanke su a gida da ƙaramin tulun wanki da magunguna biyu, mai fito da hoto da mai tsayar da shi. Ana so ruwan ya kasance a ma'aunin zafi 20, don haka a Kano sai an haɗa da ruwan randa ko ƙanƙara. Mai kala ya fi son shagon da ke da inji.

Zafi maƙiyin fim ne. A ajiye shi a firij cikin rufaffen mazubi, a fito da shi awa ɗaya ko biyu kafin a buɗe. Kada a bar kyamara cikin mota a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40. Da hunturu, kada a sauya gilashi a fili cikin ƙura. Masu zuwa da fim daga ƙasashen waje su roƙi a duba shi da hannu a filin jirgi, domin sababbin na'urorin binciken kaya suna ɓata shi.

In ma'aunin haske ya mutu, akwai tsohuwar ƙa'idar masu hoto. Da fim mai lamba 100 a tsakiyar rana, ka sa kafar haske a 16, sauri a 125. In hazo ya rufe rana, ka buɗe zuwa 11 ko 8. A inuwar rumfa ko ta bishiya, 5.6 ko 4. Rana dai ba ta yi mana rowa ba a ƙasar nan.

Kammalawa

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun da duniya ke alfahari da su. Hawa ba zai rasa masu ɗaukarsa ba. Abin da ke bukatar ɗan gida shi ne wanda baƙo ba zai gani ba: sauran soron da bai faɗi ba, dattijon da ya rage a cikin sa'o'insa, baduku da wuƙarsa, maɗinkin hula a bakin zaure, guntun ganuwar da ya tsira a bayan wani shago. In ka zo hutun Salla, ka zagaya da kyamararka. Ka yi sallama, ka nemi izini, musamman a cikin gida da wajen mata, kuma wanda ya ce a'a ka ƙyale shi. In an wanke, ka kai wa mai hoto nasa.

Abu mafi muhimmanci, ka rubuta da fensir a bayan kowane hoto sunan wanda ke ciki, da sunan mahaifinsa, da unguwa, da kwanan wata. Ka sa nagatif a ambulan na takarda, ka ajiye nesa da laima da gara, ka kuma kwafe su a kwamfuta ka raba wa dangi. Haka nan tsofaffin hotunan da ke gidajenmu, a kai su gaban tsofaffi tun suna raye su faɗi sunayen mutanen ciki, domin ranar da mai sanin fuska ya kau, hoton ya zama na wani Bahaushe marar suna, irin na Turawan da. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya zuriya, ya mayar da kowa gida lafiya.